Keken Ɗinki a Bakin Taga

Odell Mabry yana cire takalmi a bakin ƙofa sai ƙamshin burodin kirfa ya tarye shi daga kicin. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Tun da matarsa Verna ta rasu bai sake jin wannan ƙamshi a cikin gida ba.

"Shigo mana, Mista Odell, ai gidanka ne," in ji Misis Hollis, dillaliyar da ke neman sayar masa da gidan, tana murmushi. "Wannan ce Denise ɗin? Kai, kyakkyawa!"

Denise, 'yarsa tilo, ta gyaɗa kai kawai. Daga wurin aiki ta taho, da rigar asibiti a jikinta.

Zuwansa na biyu ke nan. A makon jiya shi kaɗai ya zo, a motar dillaliyar, kuma a hanya bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ba ta labarin yadda suka tsufa a gidan haya a birnin Toledo, yana tuƙa bas, Verna tana ɗinka rigunan mawaƙan coci a kan teburin cin abinci. Ya gaya mata burin Verna bai wuce ɗan ɗaki mai taga ba, inda za ta kafa keken ɗinkinta. Har burodin da take gasawa ranar Lahadi sai da ya faɗa. A bakin danja hawaye suka zubo masa, dillaliyar ta miƙa masa hankici.

Yau ta wuce da su kai tsaye ƙaramin ɗakin baya. Wancan makon kwalaye ne jibge a ciki. Yanzu ga keken ɗinki a bakin taga, ga yadi ruwan ɗorawa a shimfiɗe, ga mayafi rataye a jikin kujera kamar mai shi ta ɗan fita ne ta dawo.

Odell ya dafa bango.

"Na faɗa wa kaina, gidan nan jiranka yake," in ji Misis Hollis a hankali. "Sai dai akwai wasu da za su kawo tayinsu da yamma, sun ma ce ba sa bukatar mai duba gini. In ka sa hannu yanzu, kai ma ka yafe dubawar, naka ne."

Kuɗin inshorar da Verna ta bari su ne kafin alƙalami, kuma ba su da wasu bayansu.

"Baba, na leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa," in ji Denise. "Warin danshi yake yi."

"Ke kin cika bin ƙwaƙwaf, sak uwarki."

"Ita ce ta hana ka sayen motar nan mai hayaƙi, ka manta?"

"Tsohon gida duk haka yake, 'yata," in ji dillaliyar.

"Ni ba 'yarki ba ce."

"Denise!" ya ce. "So nake in mutu na bar miki wurin da ba wanda zai buga ƙofa ya ce ki tashi. Laifi ne?"

Ta sunkuyar da kai. Ya ce su ba shi wuri kaɗan. Suka fita, suka ja ƙofa.

Ya zauna a kujerar. Hasken rana ya sauko kan yadin daidai yadda Verna take so. Da idanunta suka raunana, shi ne mai zura mata zare. Yana dawowa daga aiki, kafin ya cire hula, za ta ce, "Direba, zo ka yi aikinka na gaske." Bai san lokacin da hannunsa ya kamo bakin zaren da ke jikin keken ba. Ya lasa, ya murza, ya duƙa yana neman kafar allura.

Babu allura.

Ya shafa wurin da yatsa. Ya zagaya bayan keken, babu wayar lantarki. Ya durƙusa da ƙyar don ya nemo ta a ƙarƙashin tebur, sai ya ga 'yar takarda manne da sunan wani kamfanin hayar kayan ado. Can ƙasa, inda teburin ya kare bango, sabon fenti ya kumbura. Ya danna. Yatsansa ya nutse, ya fito da laima.

Ya daɗe a durƙushe kafin ya iya tashi.

A kicin Misis Hollis ta jera takardu kusa da farantin burodin, ta buɗe biro.

"Keken nan na masu gidan ne?" ya tambaya.

"A'a, ɗan ado ne. Kowa na yi, don mai saye ya ga yadda zai ji daɗin wuri."

"Ba shi da allura."

"To, ai ana iya..."

"A mota na gaya miki," ya ce. "Ina kuka na gaya miki."

Ya je ya sa takalmansa, igiyar ta ƙi ɗauruwa, Denise ta durƙusa ta ɗaure masa.

Suka shiga mota, amma bai tayar ba. Daga nan ana hango tagar ɗakin baya. Suna kallo Misis Hollis ta ɗauke keken da hannu ɗaya, ta naɗe yadin, ta jawo wani ɗan gadon jarirai fari ta ajiye jikin bangon nan mai laima. Ba a jima ba wata mota ta tsaya a bayansu. Wani matashi ya zagayo da sauri ya buɗe wa matarsa ƙofa, ta fito da tsohon ciki, tana kallon gidan tana dariya.

"Mu tafi, Baba," in ji Denise.

"Ɗakin dai ya yi kyau," ya ce. "Da uwarki ta so shi."

Ya goge yatsansa a wando. Sannan ya sauke gilashi, ya yafito matashin da hannu don ya gaya masa zancen bangon.