Shuɗin Kwandon Gida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Motar shara ta shigo layin da safiyar Laraba tana gurnani, ta ratsa shi daga farko har ƙarshe ba ta ɗaga kwando ko ɗaya ba. Gordon Tattersall na tsaye a bakin ƙofarsa da kofin shayi a hannu, yana kallon shuɗɗan kwanduna jere a gaban gidaje, kowanne maƙil da kwalabe da kwalaye.

"Kai, direba! Makanta ce ta same ku?"

Ɗaya daga cikin masu kwashe sharar ya waiwayo yana dariya. "Makon baƙi ne, dattijo. Duk layinku babu mai duba kalanda?"

Babu kuwa. A wannan layi na jajayen gidaje masu manne da juna, inda bango ɗaya ke raba ɗakinka da na maƙwabci, an daɗe da daina tuna wane mako ne na baƙin kwando mai sharar kicin, wane ne na shuɗi. Clifford Ormerod ake kallo. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, shi kaɗai yake zaune a gida mai lamba goma sha huɗu tun rasuwar matarsa. Duk yammacin Talata shi ke fara turo kwandonsa, sai a ɗaga labule a ga launin, kowa ya bi. In mota ta wuce kuma, shi ke mayar wa kowa da nasa.

Kowa, ban da Gordon. Wani matsattsen lungu ne ya bi ta gefen gidajensu zuwa tsakar gidan baya, kuma na su biyu ne. Gordon bai ga dalilin jan kwando har baya ba, sai ya riƙa barin nasa a lungun. Clifford kuwa kullum sai ya tura masa shi ciki, ya jingina shi da bango. Wata rana Gordon ya tare shi.

"Ormerod, ka sake taɓa kwandona, ni da kai ne."

"To, Mista Tattersall," in ji tsohon. Daga ranar bai sake taɓawa ba, gaisuwa ma ta mutu a tsakaninsu.

Shabnam ta gidan da ke kallon nasu ta tsallako da jaririnta a kafaɗa. "Baba Clifford ya gama da mu! Sharar mako biyu za ta kwana mana, ga ƙunzugun yaron nan. Ina zan kai warin?"

Wani daɗi ya ratsa Gordon har cikin ƙashi. Ya juya wajen tagar Clifford, wadda labulenta ke rufe, ya ɗaga murya yadda za a ji. "Shugaban shara ya yi ɓatan kai! A fito a ba jama'a haƙuri mana!"

Brenda matarsa ta fito da jakarta, za ta kwana wajen yayarta da ba ta da lafiya. Ba ta yi dariya ba.

"Clifford ba ya kuskure, Gordon. Shekaranjiya na gan shi a kanti, yana son cewa madara ya kasa, sai nuna ta yake yi da yatsa. Je ka ƙwanƙwasa masa."

"Ni? Kunya ce ta ɓoye shi. Bar shi ya ɗanɗana."

"Bas zai wuce ni. Ka dai leƙa shi, ka ji ko?"

"Na ji."

Ya ji ɗin, kuma ya yi niyya. Sai dai ya ce bari ya gama shayi tukuna, daga nan ya ce bari tsohon ya fara fitowa, don kada a ce shi ya fara sauka. Kafin la'asar mutane sun gaji da jira, kowa ya ja kwandonsa ciki yana mita. Na gida mai lamba goma sha huɗu kaɗai ya rage a bakin titi, iska na buɗe murfinsa tana rufewa.

Yana zaune yana kallon sukuwar dawaki a talabijin sai ya ji bugu a bango. Dum. Can kuma, dum. Haka Clifford ke yi da sandarsa in ƙarar talabijin ta dame shi. Gordon ya miƙe, ya dunƙule hannu ya rama bugun.

"Gidana ne, Ormerod!"

Ya ƙara sauti. Bugun ya ɗan ci gaba, a hankali, sannan ya daina.

Washegari ƙarar kwalabe ce ta tashe shi. Iska ta kayar da kwandon Clifford, gwangwanaye suna birgima a titi. Gordon ya tsaya a taga yana jiran ƙofar maƙwabcinsa ta buɗe, don mutumin da ke tsince ko guntun sigari daga gaban gidansa ba zai bar wannan ba. Ƙofar ba ta buɗe ba. A nan ne ya lura cewa tun jiya bai ji rediyo ta bango ba, bai ji tari ba, bai ji kukan butar shayi ba.

Ya fita da silifas. Ƙofar gaba a kulle take. Ya nufi lungu, nasa kwandon ya tare hanya, sai da ya fizgo shi waje ya samu wucewa. Ƙofar baya a buɗe take.

Clifford na kwance a gindin bangon da ya raba falonsu, sandarsa a hannun hagu, rabin fuskarsa ya zube. Idonsa biyu. Gordon ya kira motar asibiti, ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya durƙusa. Leɓen tsohon na motsi. Gordon ya kai kunne.

"An... kwashe?"

Gordon ya gyaɗa kai. "An kwashe. Tas."

"Shuɗi... ko?"

"Shuɗi mana. Yaushe ka taɓa kuskure, tsohon rigima?"

Gefen bakin da ke da sauran rai ya ɗan ɗaga.

Clifford ya cika a asibiti a ƙarshen makon. Gordon ya tare wata ma'aikaciyar jinya a baranda, ya tambaye ta, da an kawo shi tun ranar Laraba fa? Ta dube shi da tausayi. "Irin wannan ciwon, sa'o'in farko su ne komai. Amma babu wanda zai iya ce maka tabbas." Ya koma gida da amsar yana juya ta. Da ta ce masa e, da ya san nauyin da zai ɗauka. Da ta ce a'a, da ya yi barci.

Shabnam ta kawo musu tukunyar shinkafa. "Allah ya sa kana kusa, Kawu Gordon. Ba don kai ba, da shi kaɗai zai mutu a ƙasa." Brenda ta karɓi tukunyar ta yi godiya. Ba ta dubi mijinta ba, shi ma tabarmar ƙofa yake kallo.

Yammacin Talata ya zo da yayyafi. Fitilun titi suka kama, layin fayau, babu kwando ko ɗaya a waje. Labulaye sai motsi suke yi, ana leƙen gida mai lamba goma sha huɗu.

Gordon ya sa hularsa ya bi ta lungun, wanda yanzu babu komai a cikinsa. Kwandon Clifford na tsakar gidan baya, inda ya kai shi bayan ya tsince kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Wannan makon na shuɗi ne. Ya turo shi bakin titi, ya juya mariƙinsa ta wajen hanya yadda tsohon ke yi, ya share ruwan da ya rufe lambar da tafin hannunsa.

Can ƙasan layin wata ƙofa ta buɗe, sai wata. Yana tsaye cikin yayyafin, hannunsa a kan murfin, ƙarar tayoyin kwanduna na tahowa a hankali bisa jiƙaƙƙen dutse.