Dafin Gwangwani

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi: idan na ari abu, ba na saurin mayarwa. Ba sata ba ce, nauyin jiki ne kawai.

A shekarun da kuɗin man fetur ya sauko wa Libreville, kantina na unguwar Nkembo cike yake da gwangwani daga ƙasa har rufi: sardin, madara, tumatir, wake. Jirgin ruwa ne ke ciyar da garin, mu kuma masu kanti muna miƙa wa jama'a. Ni ma na waye. Na daina kai kayana wurin tsohon da ke wankin hula a bayan masallaci, na koma wani gidan wanki mai inji a unguwar Glass, inda ake miƙo maka riga a naɗe cikin takarda.

Sai ciwon kai ya same ni. Da hantsi yake farawa, ya ɗaure ni daga goshi zuwa ƙeya, ba ya saki sai na koma gida na kwanta. Na sha asfirin har mai farmasi ya fara tambayata lafiyar iyali. Na kasa zama wuri ɗaya. In shiga kanti, in fito, in leƙa titi, in dawo in jera gwangwanin da na riga na jera.

Idrisa, wani direban tasi mutumin Nijar da ke shan shayi a ƙofar kantina, shi ya gano cutar.

"Malam Audi, dafi ne," in ji shi. "Kifin da ya mutu tun bara, kai kake ci bana. Ka bi shi da ƙwaya, ita ma dafi. Dubi goshinka, har layi ya fito. Dafin ne yake neman hanya."

Na duba madubi. Layin yana nan, ja, ya kewaye kan.

Ranar na kafa doka a gida. Babu gwangwani, babu sukari, babu dunƙule a miya, babu ƙwaya. Matata Sakinatu ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, to me za mu ci? Iskar teku?"

"Abin da kakanninmu suka ci."

"Kakanninmu ba a Nkembo suka zauna ba. Kukar da ta rage ba ta cika cokali."

Muka koma rogo da ganye. Na rame, wandona ya fara zamewa, ciwon kai kuwa ko gezau. Idrisa ya ce dafin ya daɗe a jiki, sai an kore shi da ɗaci. Akwai wata tsohuwa a garin Ntoum da ke dafa saiwa. A gaban Sakinatu na yi alkawari: idan maganin ya yi aiki, ba zan ƙara sayar wa mutane guba ba, zan kwashe gwangwanin kantin gaba ɗaya.

"Ka kwashe ka sayar da me?" ta ce.

"Allah zai kawo."

"Allah ya riga ya kawo. A jirgin ruwa ya ɗoro shi."

Muka tafi Ntoum a motar Idrisa. Tsohuwar ta ba ni ƙoƙo cike da wani baƙin ruwa, na runtse ido na shanye. A hanyar dawowa amai ya taso min, na zura kai ta tagar mota, iska ta fizge hulata, wata babbar motar katako da ke bayanmu ta bi ta kanta. Idrisa ya laluba aljihun mota ya miƙo min wata tsohuwar hularsa.

"Riƙe wannan, kada ka shiga gari kai tsirara kamar ɗan makaranta."

Washegari hantsi ya yi, ya wuce. Azahar ta yi. Ina tsaye a kanti ina jiran ciwon kamar mai jiran baƙo, bai zo ba. Jibi ma haka. Layin goshi ya ɓace. Hular Idrisa tana kaina, kullum ina cewa gobe zan mayar.

Daga nan ba wanda ya huta. Mace ta zo sayen madara, sai in tsare ta da bayanin hanta da jini. Ma'aikatan gini da ke sayen sardin da burodi suka koma kantin maƙwabcina Musbahu, wanda ba ya wa'azi. Shi ne kuma ya zo ya taya gwangwanin nawa, a farashin da ko shi sai da ya kau da kai da yake faɗa.

"Malam, ka jira ko wata ɗaya," Sakinatu ta ce. "Don Allah."

"Alkawari na yi."

"A gabana ka yi, na kuma yafe."

Ban saurara ba. Musbahu ya kwashe kaya da baro, na tsaya ina kallon katakon da babu komai a kansa, na jera rogo da ayaba da ɗaurin ganye. Kafin mako ya zagayo rabinsu sun ruɓe, amma kaina garau.

Ranar Juma'a Idrisa ya gaji, ya leƙo ta tagar motarsa.

"Malam Audi, hular nan gado ka ɗauke ta?"

Na cire na ba shi. Na shiga gida na ɗauko ɗaya daga cikin nawa, fes daga gidan wankin Glass, na danna ta a kai da ƙyar na tafi masallaci. Liman bai gama huɗuba ba ciwon ya dawo, daga goshi zuwa ƙeya, daidai inda ya tsaya.

Da yamma Sakinatu ta aika aka aro hular Idrisa. Ta ɗauki tawa ta zura a cikin tasa, ta shige ba tare da ta taɓa gefe ba.

Ashe injin gidan wankin Glass da ruwan zafi yake wanke hula, har ta tsuke.