Takardar da Ke Aljihun Tsoho

Auta ba ta kirana sai abu ya lalace. Ba ƙorafi nake ba, haka muka saba tun muna yara: ita ce mai ƙirƙira, ni ne mai gyara. Da safiyar Talata ta kira, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Yaya, Tsoho ya ƙi buɗewa."

Sana'ar ƙanwata ke nan, tana ƙera mutane a cikin kwamfuta. Sai ta yi musu ƙashi da fata da tufafi, masu fim ɗin yara su karɓa su sa su motsi. Tsoho wani tela ne da ta shafe wata takwas tana aikinsa. Da ƙarfe huɗu na yammacin ranar masu fim za su zo ganinsa, in bai buɗe ba kuma akwai wani mai ƙira da ke jiran a ba shi aikin.

Na same ta a ɗakin aikinta na hawa na biyu, ta haɗa tagumi, shayinta ya huce har ya yi yana. Na ja kujera na ce ta nuna mini. Ta danna fayil ɗin. Layin lodi ya fara tafiya, fankar kwamfuta ta ɗauki kuka, da ya kai kashi tamanin da bakwai sai komai ya tsaya cak. Wani ɗan akwati ya fito yana cewa ƙwaƙwalwa ta cika, manhajar ta rufe kanta.

"Sau nawa kika gwada?"

"Ban ƙirga ba."

"Wato kina ta dannawa kina jiran ta ji tausayinki."

"Yaya, don Allah ba yau ba."

Na fara da ƙananan abubuwa. Na rufe shafukan intanet ɗinta guda talatin da wani abu, na kashe kwamfutar na kunna, na sake gwadawa. A tamanin da bakwai ya tsaya. Na buɗe kwafin da ta ajiye jiya, shi ma haka. Na shekaranjiya ya buɗe, amma Tsoho ba riga a jikinsa, daga shi sai singileti. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin fayil ɗin bai lalace ba, nauyi ne ya yi masa yawa.

Sai na buɗe sabon fayil wanda babu komai a ciki, na fara jawo Tsoho gaɓa-gaɓa. Ƙashi ya shigo lafiya. Hannaye suka shigo, har da kantar aiki a ɗan yatsan tsakiya na dama. Da kai ya shigo sai na ɗauke hannuna daga kan tebur. Tabarau a ƙarshen hanci, gira ɗaya ta fi ɗaya tashi, da wannan kallon na mutumin da yake auna ka tun kafin ka yi sallama.

"Ba ki gaya mini cewa Baba ne ba," na ce.

"Ba ka tambaya ba."

Babanmu tela ne, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ya so in gaje shi a shago, ni kuma ina da shekara goma sha bakwai na ajiye masa almakashi na ce ba zan ƙare rayuwata a kan keken ɗinki ba. Mun shirya daga baya, muna gaisawa, muna hira. Amma tun daga ranar ban sake barin ya ɗora mini tef ɗin awo a jiki ba. Rigunan kanti nake saye, ina zuwa gidansa da su, shi kuma ya dube su ya kawar da kai. Taurin kai ne, na sani, kuma a wurinsa na samo shi.

Na ci gaba da aiki. Wando ya shigo, takalma suka shigo. Da na jawo kwat ɗin Tsoho, fanka ta sake ɗaukar kuka, manhajar ta faɗi.

"Ga ɓarawon," na ce. "Me kika zuba a kwat ɗin nan, duwatsu?"

Na jawo shi shi kaɗai, ba launi ba hoto, ya buɗe da ƙyar. Na juya shi na leƙa ciki, sai da na cire hulata. Yarinyar nan ta yi wa kwat ɗin shafi, wato yadin ciki. Ta yi kalmasa. Kowane ɗinki ta ƙera shi da zarensa ɗaya bayan ɗaya, dubu arba'in da ɗoriya, duk a wurin da babu idon da zai taɓa gani.

"Auta, kyamara ba ta shiga cikin riga. Wa kika yi wa wannan?"

"Ka manta? In aka kawo wa Baba riga, juya ta yake fara yi. Ba zan iya sa masa kwat mara shafi ba, Yaya. Na gwada, sai na ji kamar yana kallona."

Dariya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Ƙarfe ɗaya ta gota. Na nuna mata yadda za a mayar da ɗinkin ya zama zane a kan yadin, ido ya gan shi amma kwamfuta ba ta ɗauki nauyinsa ba. Ta yarda tana ɓata rai. Muka yi, muka sake gwada cikakken fayil. Wannan karon ya kai casa'in da biyar kafin ya faɗi.

Saura hotuna ke nan, waɗanda ake shimfiɗa wa jikin ƙira don ya yi launi. Na jera su daga babba zuwa ƙarami. Na saman ya fi sauran duka nauyi in an haɗa su. Sunansa "aljihun ciki".

"Wannan kuma mene ne?"

"Takarda ce."

"Takarda a cikin aljihu, a cikin shafi, a cikin kwat? Share ta zan yi."

Ta riƙe mini hannu. "Buɗe ta tukuna."

Na buɗe. Wata 'yar takarda ce da ta sha ninki har ta yi laushi. Auta ta ɗauki hotonta da injin sikana a mafi girman awon da yake iyawa, har zaren takardar ana gani. Rubutun Baba ne da fensir, mai karkata hagu. A sama ya rubuta "Babban yaro". A ƙasa layuka ne, kowanne da shekararsa: kafaɗa, ƙirji, hannu, tsawo. Layin farko na shekarar da na bar shago ne. Daga nan babu shekarar da ya tsallake. Wani wuri ya ƙara da "ya yi ƙiba", wani wuri "ya rame, a tambayi uwarsa". Layin ƙarshe wata ɗaya ne kafin ya kwanta ciwon ajali.

"A aljihun kwat ɗinsa na same ta," in ji Auta. "Da ido yake auna ka in ka zo. Na rasa yadda zan ba ka, sai na mayar masa da ita aljihu."

Kunya ce ta fara kama ni, kewarsa ta biyo baya, kuma ta fi kunyar ciwo.

Ban share ta ba. Na kwafe babban hoton na aika wa kaina, na rage na cikin fayil ɗin har ya zama ƙarami, amma ana iya karanta rubutun in an matso. Na danna. Layin ya wuce tamanin da bakwai, ya wuce casa'in da biyar, Tsoho ya fito tsaye cikin kwat ɗinsa yana kallonmu ta saman tabarau. Ƙarfe uku saura kwata.

Auta ta sauke numfashi ta tashi za ta gyara ɗaki. Na ce, "Tef ɗin Baba yana wurinki?"

Ta buɗe durowa ta ɗauko shi, lambobin farko duk sun goge. Na tashi na juya mata baya, na saki hannayena. Ta ɗora shi daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ta leƙa allon kwamfuta, ta sake duba tef ɗin.

"Nawa?" na ce.

"Sha takwas da rabi."

Haka Baba ya rubuta a layin ƙarshe.