Karta Biyu Cikin Arba'in da Huɗu

Ranar Talata Maiwada yake zuwa kasuwar Aziziya yin cefane. Direban gida ne a ƙasa mai tsarki, a wajen wani tsohon malamin makaranta a unguwar Badi'a, shekara goma sha ɗaya ke nan. Iƙamarsa, katin izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ko na kwana ɗaya ba. A watan Nuwamban 2013, da wa'adin gyara takardu ya ƙare aka fara kamen baƙi, shi kaɗai ne cikin abokansa yake fita gaba gaɗi. Da wannan kati yake riƙe da 'yarsa Zaituna a makarantar koyon jinya a Kano.

Rumfar albasar Mahamadu ce zangonsa na ƙarshe. Mahamadu mutumin Maraɗi ne, umara ya zo shekara shida da suka wuce bai koma ba. Ba shi da takarda ko ɗaya.

Maiwada bai taɓa caca ba, kuma yana faɗa wa kowa haramun ce. Kallo dai yake yi. Wayarsa cike take da bidiyon gasar karta ta Turawa, wadda suke kira poka, kuma gwaninsa wani siririn mutum ne da ya laƙaba wa suna Mai Hular Toka. A wannan makon aka fitar da gwanin daga gasa, saura mutum uku a teburi.

"As biyu yake riƙe da su," in ji Maiwada. "Babu abin da ya fi su a karta. Ɗayan kuma tara biyu. Kowa ya tura duk abin da ke gabansa. An buɗe huɗu a teburi, ba tara. Saura ɗaya. Karta biyu kacal cikin arba'in da huɗu za su kayar da shi. Sai ga tara."

"To ya faɗi," in ji Mahamadu, yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu.

"Ya fita, amma bai yi kuskure ba. Shi ne Turawa ke ce wa bad bit. Ka yi komai daidai, ƙaddara ta mare ka."

"Ku Kanawa kun iya yi wa faɗuwa kwalliya. Mu a wajenmu wanda bayansa ya taɓa ƙasa shi aka kayar. Da ya yi haƙuri ya jira."

"Ya jira me, Bamaraɗe? Ya jira abin da ya fi as biyu? Kuma ka ga yadda ya tashi? Ko girarsa ba ta motsa ba. Ya gyara kujera, ya miƙa wa mutumin hannu, ya wuce. Wannan shi ne namiji."

"Yana zuwa bayan gida ya yi kuka."

"Ya akhi, ba ka gani ba kake magana. Ungo."

Rana ta haske fuskar wayar, ga ƙarar motocin kaya. Mahamadu ya kare da tafin hannu, bai ga komai ba. Maiwada ya ciro makullin mota ya miƙa masa.

"Ga ta can bayan masu kankana. Shiga ka zauna a inuwa. Minti huɗu ne. Ni zan tsaya maka."

Mahamadu ya goge hannu a riga ya tafi. Ya shiga ta ƙofar direba, don ita ce ta fi kusa. Bai daɗe da tafiya ba wani mai gidan abinci ya zo neman kilo biyar. Maiwada ya zaga bayan sikeli ya fara aunawa. Yana cikin ɗaure leda motoci uku na jami'an kamen baƙi suka tare bakin layin.

Daga cikin mota Mahamadu ya ga masu dako suna watsar da kwanduna suna tsallake katanga. Ya ga Maiwada bai gudu ba, ya ciro iƙamarsa ya miƙa. Jami'in ya karanta, ya dubi sikelin, ya dubi ledar da ke hannunsa. Katin ya ce direban gida. Doka kuwa ta hana mutum aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba, wato ubangidan da sunansa ke kan katin, ko sana'ar da ba ita aka rubuta masa ba. Mahamadu ya ga bakin Maiwada yana motsi, hannunsa yana tashi, har aka tura shi cikin bas. Jami'ai biyu suka wuce ta gefen motar. Baƙin mutum a kujerar direba da waya a hannu, irinsa sun fi ɗari a bakin kasuwar. Babu wanda ya ƙwanƙwasa gilashi.

Da yamma Mahamadu ya kira kafilin ta wayar Maiwada. Tsohon ya aiko aka ɗauki mota. Ya ce shi cefane ya aiki direbansa, bai san da wata albasa ba, kuma ba zai ɗauki tarar laifin wani ba. Bai je gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ko sau ɗaya ba.

A rana ta tara, da hantsi, wayar ta yi ƙara. Maiwada ne, da wayar aro.

"An ɗauki zanen yatsuna," in ji shi. "Jibi jirgi. Ba dawowa."

"Malam Maiwada, wallahi ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

"Bar wannan. Ka kalla?"

"Na kalla ya fi sau ashirin. Gaskiyarka ce. Mutumin bai yi kuskure ba."

"Ka ga inda ya miƙa hannu?"

"Na gani."

Ta layin ana jin hayaniyar mutane da yawa a ɗaki ɗaya.

"Ni ban iya ba," in ji Maiwada. "Na ce musu mai rumfar yana cikin farar motar can, ba shi da iƙama. Sau biyu na faɗa, har da nuni. Na farko bai ji ba. Na biyun ya ce kowa haka yake cewa."

Mahamadu ya zauna a kan buhun albasa.

"Mai wayar yana jira," in ji Maiwada. "Duba ƙarƙashin Z, ka karanto min lambar Zaituna. A hankali, a hannu nake rubutawa."

Mahamadu ya karanto masa, lamba bayan lamba.