Kilo Sittin a Hanyar Hughenden

Tun ranar da Neville Pascoe ya sayo motar nan gidansu ya koma wurin awo. Mota ce ta tafi-da-gidanka, irin manyan nan da ake shigowa da su daga Amurka, a mayar da sitiyarin dama, a sayar wa tsofaffin da suka yi ritaya suke son zaga ƙasa kafin gwiwa ta ƙi. Tsawonta mita goma sha ɗaya, da gado da banɗaki da kicin a ciki, har da wani gefen falo da ke turowa waje in an danna maɓalli. Wanda ya gan ta zai rantse za ta kwashe kayan unguwa guda. Amma a jikin ƙofa akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da doka ta yarda ta hau titi da shi, kuma motar kanta, ba komai a ciki, ta riga ta cinye kusan duka. Abin da ya rage wa mutum biyu da ruwansu da mansu da tsummokaransu bai taka kara ya karya ba.

Neville ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injina a masana'antar sukari ta Ingham, kuma mutum ne da in ya riƙe lamba ba ya saki. Ya ɗauko sikelin banɗaki ya ajiye a bakin gareji, ya ce duk abin da zai shiga motar sai ya bi ta kansa. Matarsa Assunta, wadda kowa ke kira Sunta, da farko dariya abin ya ba ta. Ya auna tukwanenta, ya ce uku sun isa. Ya auna kwalaben miyar tumatir da ta dafa da hannunta, ya rage su zuwa goma sha biyu. Har tawul sai da ya ɗora, yana gyara tabarau kamar mai sayar da zinariya.

Dariyar ta ƙare ranar da aka zo kan keken ɗinki.

Keke ne na ƙafa, baƙi, mai ƙafafun ƙarfe, wanda mahaifiyarta ta taho da shi a jirgin ruwa daga Sisili tana amarya. Da shi tsohuwar ta ɗinka wa masu saran rake wanduna har ta ciyar da 'ya'ya biyar, kuma a kansa Sunta ta koyi zare allura tun ƙafarta ba ta kai ƙasa. Kilo arba'in da biyar ya yi. Gidan kuwa an riga an sayar, 'yarsu tana Perth a ɗaki biyu, ta ce ko kujera ɗaya ba ta da inda za ta ƙara.

Neville bai yi mata tsawa ba, kuma wannan ne abin da ya fi yi mata ciwo daga baya. Ya zaunar da ita a baranda, ya riƙe hannunta, ya ce tafiya irin wannan sai kowa ya bar abin da ya fi so. Shi zai rabu da tsohon babur ɗinsa, wanda ya shekara ashirin yana haɗawa yana kwancewa bai taɓa tashi ba, ita kuma ta rabu da keken. Ya ce in motar ta yi nauyi birki ba zai kama ba a gangara, taya za ta iya fashewa, kuma shi ba zai yi wasa da ranta saboda ƙarfe ba. Idonsa har da ƙwalla. Sunta ta san abin da babur ɗin nan yake a wurinsa, ta ji kunyar ta zama ita ce mai rowa. Ta kai keken shagon sadaka na coci da kanta. Ba a yi mako ba ta ji labarin wani mai gidan shayi ya saya, ya cire kan ya jefar, ya ɗora katako a kan ƙafafun ya yi tebur. Ta yi kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ba ta gaya masa ba don kada ya ji nauyi.

Ana saura kwana biyu su tashi ya kai motar babban sikelin gari, shi kaɗai, ya dawo da takarda yana kaɗa ta. Sun tsaya daidai bakin iyaka da tankin ruwa cike. Washegari Renzo, ƙanen Sunta, ya zo da safe, suka ja motar suka ce za su duba iskar tayoyi, suka daɗe. Da yamma aka gasa nama a bayan gida, maƙwabta suka zo sallama, ana ta yi wa Neville tsiya wai ya sayi jirgin ruwa ya manta bai sayi teku ba.

Kwana biyun farko sun yi daɗi, ba za ta ɓoye ba. Ta koyi sauka da ƙaramar rediyo a hannu tana yi masa jagora in zai ja da baya, ta koyi karanta tsayin rumfar gidan mai tun daga nesa kada su yi wa na'urar sanyin da ke saman motar aski. Abu ɗaya ne ya dame ta. Duk lokacin da doguwar motar shanu mai tirela uku ta wuce su, sai bayan motarsu ya yi ta rangaji kamar ba zai tsaya ba. Ya ce iska ce. Akwai kuma babban ma'aji a ƙarƙashin gado, mai ƙofa ta waje, wanda kullum yake kulle. Ya ce batura ne da wayoyin wuta a ciki, kada ta kuskura ta taɓa. Ta yarda, don shekara arba'in da ɗaya in ya ce kada a taɓa waya ba ta taɓawa.

A rana ta uku, da hantsi, bayan sun wuce Charters Towers sun miƙi hanyar Hughenden, suka tarar da ma'aikatan duba manyan motoci sun kafa sikeli a wani fili gefen titi. Wata ma'aikaciya mai faffadar hula da ragar ƙuda a fuska ta ɗaga musu hannu. Sunta ko a jikinta, har ta buɗe aljihun gaba tana neman takardar awon gari. Da ta juyo ta ga Neville ya yi tsuru-tsuru, wuyansa ya yi ja.

Aka shimfiɗa farantan sikeli a gaban tayoyi, ya hau, ma'aikaciyar ta duba lasin ɗinsa na manyan motoci, ta duba farantin jikin ƙofa, ta duba allon hannunta. Ta ce sun wuce iyaka da kilo ɗari uku da goma, kuma motar ba za ta bar filin nan ba sai an sauke.

Sunta ta miƙa takardar da ƙarfin gwiwa, ta ce lalle sikelinsu ne ya lalace, mijinta har tawul ya auna. Ma'aikaciyar ta karanta, ta mayar mata cikin ladabi, ta ce takardar gaskiya ce, sai dai ta kwana huɗu da suka wuce ce, kuma nauyin duk a baya yake. Sannan ta nuna ma'ajin ƙarƙashin gado ta tambayi abin da ke ciki.

Neville ya fara kame-kame. Ya ce batura ne, ya ce makullin ya shige wani wuri, ya laluba aljihun da ya san babu komai. Ma'aikaciyar ta tsaya kawai tana korar ƙuda, irin tsayuwar wadda ta saba ganin makulli ya ɓace ya kuma bayyana. Daga ƙarshe ya zaro shi daga cikin walat.

Babur ɗin ne a ciki. An cire ƙafafunsa an kwantar da shi a kan bargo, an ɗaure shi da igiyoyi huɗu, an cusa matashin kai tsakanin tankinsa da bango don kada fenti ya goge. A gefensa ga wani injin na biyu, ga na'urar walda, ga akwatin sufana. Bargon ma ta gane shi, na ɗakin baƙi ne, wanda ya ce mata ya yi nauyi ta kai shagon sadaka, ya karɓa ya ce zai kai mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta dai ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ta tuna hannunta a cikin nasa a baranda, da ƙwallar nan, ta gane cewa a lokacin da yake share ido ya riga ya auna tsawon ma'ajin ya san babur zai shiga. Mutum ɗaya ba ya ɗaga babur, don haka Renzo ne ya kama masa, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka ɗinka masa wandon makaranta a kan keken nan. Ta tuna dariyar maƙwabta wajen gashin nama, ta rasa ko su nawa ne suka sani. An ci amanarta, an kuma zaunar da ita ta yi godiya.

"Ka ce ka sayar," ta ce.

"Na so in sayar, Sunta. Mutumin ne ya yi mini tayin wulaƙanci."

"Keken Mama fa? Nawa aka taya?"

"Haba tsohuwa, keken ɗinki ana samun wani a ko'ina. Wannan kuwa saura nawa ne a duniya?"

Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, kamar mai bayyana wa yaro abin da kowa ya sani.

Ma'aikaciyar ta ce akwai mai motar ɗaukar kaya a Charters Towers da zai iya zuwa ya kwashi babur ɗin ya ajiye masa, ta ma ba da lambar waya. Duk mai hankali da nan zai tsaya. Neville ya karɓi lambar ya sa a aljihu, ya zagaya ɗaya gefen, ya durƙusa ya buɗe famfon tankin ruwa. Lita ɗari biyu da hamsin, ruwan sha da na girki da na wanka, a ƙasar da mutum zai yi awa biyu yana gudu bai ga rijiya ba. Sunta ta tsaya tana kallon ruwan yana malala a jan ƙasa, tana tuna yadda Neville yake ƙwanƙwasa mata ƙofar banɗaki in ta wuce minti biyu a wanka. Ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya tsiyaye.

Aka sake hawa sikeli. Saura kilo sittin.

Neville ya sauko ya yi tagumi a jikin motar. Ya leƙa kicin, ya ƙirga kwalaben miya da ido, ya ga ba za su kai ba. Ya dubi injin na biyu, wanda shi kaɗai ya isa ya raba gardama, ya kawar da kai da sauri. A bayansu akwai wasu tsofaffi mata da miji masu jan ƙaramin ɗaki da motarsu, an gama auna su suna shan shayi a inuwa. Sunta ta ga idonsa ya tsaya a kansu, sannan ya dawo kanta, ya bi ta daga sama har ƙasa. Ta san kallon. Shi ne wanda ya yi wa tukwanenta a bakin gareji.

"Sunta, ke nawa kike yanzu? Sittin da huɗu?"

Ya matso yana murmushi, ya rage murya, ya ce ga dabara mai sauƙi. Mutanen can ma Hughenden za su, ya ga suna da kirki, ta bi su kawai, shi ya biyo baya, in sun haɗu a can sai a san abin yi. Ya ce ai motarsu ma ta fi laushin kujera.

Ma'aikaciyar ta ji. Ta ɗage ragar fuskarta a karon farko, ta ce, "Maigida, bari in gaya maka tun yanzu. Nauyin da na rubuta shi ne nauyin da za ka yi tafiya da shi. In uwargida ta sauka, ba wai ka ɗauke ta bayan kwana ba ne. Motar nan da wannan kayan ba ta da wurin mutum biyu, ko yau ko gobe."

Neville ya ce ya gane, ya gane, za a duba wannan daga baya. Yana magana yana kallon ma'ajin ko rana na dukan fentin.

Sunta ta jira. Ta ba shi lokaci mai yawa, fiye da yadda ya cancanta, ko zai ji abin da ma'aikaciyar ta faɗa, ko zai sa hannu a aljihu ya ɗauko lambar wayar nan. Sai ya rufe ma'ajin, ya murɗa makulli, ya gwada ko ya kama.

Ta hau motar, ta ɗauki jakar hannunta, da maganin hawan jininta, da hularta, da caja. Ta sauko ta tsaya nesa da faranti, ta ce wa ma'aikaciyar, "Auna shi."

Motar ta hau a hankali. Ma'aikaciyar ta duba allo, ta rubuta, ta miƙa masa takarda ba tare da ta dube shi ba. Ya tsallake da kilo huɗu. Neville ya leƙo ta taga fuskarsa cike da fara'a, yana neman matarsa ya yi mata albishir.

Ba ta wajen masu shayi. Ta riga ta tsallaka titi zuwa ɗaya hannun, inda abokin aikin ma'aikaciyar ya tsayar da wata mota mai ɗauke da dawaki biyu, hancinta na kallon gabas, wajen Townsville. Sunta tana magana da matar da ke tuƙin, matar ta gyaɗa kai ta fara kwashe tarkace daga kujerar gaba.

"Sunta! Wannan ba Hughenden za ta ba!"

"Na sani, Neville," ta ce.

Ta ɗora jakarta a cinya, ta ja ƙofa ta rufe.