'Yan Tsakin Mero a Rigar Mati

Ƙanena Mati ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Yana iya saɓa buhun dawa ya tsallake tur'a, wato magudanar ruwan gona, da shi, amma ka ba shi ajiyar allura, kafin la'asar ya lanƙwasa ta wajen gyara. Shi matarsa Mero ta bar wa amanar kazarta. Ni Sabuwa da nake yayarsa, katanga ɗaya tsakaninmu, ba a ba ni ba. Na ji haushi kuwa.

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Rusairis ne, muna zaune a ƙauyenmu na Hausawa kusa da Wad Haddad a yankin Jazira na ƙasar Sudan, ana tsakiyar tsinkar auduga. Mero matar Mati tana da cikin fari, ya tsufa, iyayenta suka aiko daga Makwar a kai ta gida ta haihu. Ranar tafiya lori na jira a bakin hanya, ita kuwa tana durƙushe gaban akurki tana kallon kazarta wake-wake da ke kwanci.

Ta ce wa mijinta, "Ni da kazag ga tare muka wanga zama. In ta hid da ɗiyanta lahiya, ni ma ina sauka lahiya. Ka kula min da ita."

Ya ce, "Kai, wanga camhi na, ya Mero."

Ya yi dariya, amma ni na goye shi, na san dariyarsa ta gaskiya. Maganar ta shige shi. Tun daga ranar kazar nan ba ta ƙara hutawa ba. Kafin ya tafi gona ya leƙa ta, ya dawo ya leƙa ta, har tsakin dawa yake kai mata a tafin hannu.

Ana gab da ƙyanƙyasa ya ga ƙuma na yawo a sheƙar. To mu mutanen Jazira, a lokacin maganin kowane ƙwaro guda ne a wajenmu, wato budra, hodar nan da ake zuba wa auduga. Mati ya samo dunƙule guda, ya jira kaza ta fita shan ruwa, ya barbaɗe sheƙar fari fat. Kaza ta dawo, ta miƙa wuya, ta yi wani irin kyarkyara, ta tashi fir ta hau danga. Ya bi ta, ya kamo ta, ya ɗora ta kan ƙwan, ya kife ta da guffa, wato kwandon auduga. Ta tsaya ƙyam a ciki ta ƙi zama, har ta taka guda ta fasa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Da sassafe sai ga shi a ƙofata da ƙoƙo a hannu, fuska duk ta faɗa. Ƙwai huɗu ne a ciki, sun fara sanyi amma ana jin ɗan kuka a cikinsu. Gefe kuma ga 'yan tsaki biyu jiƙe sharkaf, idanu a rufe, cibiyarsu ba ta haɗe ba, sauran gwaiduwa na reto.

Na ce, "Wa yaɓ ɓare waɗanga?"

Ya ce, "Na ji suna kuka, ya Yaya. Na ce in buɗa musu hanya."

"Ka buɗa musu hanya! Kai ka zan ungozoma? Ɗan tsako shi ka buɗe ƙohwatai da kainai, in ya gama shan abin da ac ciki."

Na zage shi son raina. Sai da na ga yadda ya ƙura wa ƙoƙon ido na bar faɗa, don na gane ba kaji yake gani a ƙoƙon nan ba, Mero yake gani. Tausayinsa ya kama ni.

Na goge ƙwan da tsumma mai ɗumi, na shafa wa cibiyoyin man riɗi da gashin kaza. Saura ɗumi. Da a gida muke wuni, da gefen murhun kisra, gurasarmu ta dawa, ya isa, amma lokacin tsinka kowa gona yake, wuta za ta mutu, ga iskar hunturu. Na dubi ƙirjin Mati mai faɗin faifai, na ce to ga murhu nan. Muka shimfiɗa auduga a ƙoƙo, muka jera su, muka rufe da wata, muka ɗaure masa a ciki da rawaninsa, ya saki riga a kai.

Haka ya shiga hawasha, wato gonar audugar da muke wa tsinka. Mutumin da ya saba cika guffa kafin kowa, ran nan yana tafe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ba ya sunkuyawa sai dai ya tsuguna. Mata suka same shi.

Hannatu maƙwabciyarmu ta ce, "Sannu Mati, wata nawa?"

Wata ta ce, "Shi ma a kai shi Makwar!"

Kafin azahar ɗaya daga cikin biyun da ya ɓare ta mutu. Ya tona rami a gefen tur'a ya binne ta, ya dawo ya zauna, ko kisra bai taɓa ba. Ran nan ba wadda ta ƙara tsokanarsa.

Washegari yana cikin tsinka sai ya ƙame, ya zaro ido.

"Yaya! Suna motsi!"

Muka kewaye shi. Ƙwan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, suka fashe da kansu a jikinsa, yana ta ɗauke numfashi wai kada ya firgita su. Da yamma suka bushe, suka zama 'yan dunƙule masu taushi, suna tsattsagar tsakin dawa a tafinsa. Sai ta biyar ɗin, wadda ya ɓare da hannu. Cibiyarta ta kame, amma ta ƙi ci. Yana tsoma bakinta a ruwa, yana ƙwanƙwasa ƙasa da farce yadda na koya masa, ita kuwa sai ta lumshe ido ta jingina da yatsansa. Daga Makwar kuma shiru, ba labari.

Ran da abin ya ƙare, muna layi a wurin awon auduga da la'asar. Mahmud mai awo Balarabe ne, baƙo a wajenmu, kuma an gargaɗe shi game da masu ɓoye auduga a riga. Ya ƙura wa cikin Mati ido.

Ya ce, "Ya zol, mene ne wannan? Kwance."

Mati ya ce, "Amana ta."

"Kwance dai."

Ya kwance rawani a hankali, ya sauke ƙoƙo kan buhu. 'Yan tsaki huɗu suka yi tsalle suka bazu tsakanin ƙafafun mutane, Mahmud ya ja da baya har ya ture ma'auni. Wuri ya kaure da dariya. Ta biyar ɗin kaɗai ta rage kan buhun tana tangaɗi.

Ana cikin haka lorin Sa'idu, wanda ya kai Mero, ya tsaya a kan hanya. Tun bai sauko ba yake ihu.

"Mabruk, ya Mati! Mero ta sauka! Ɗiya mace, su duka lahiya lau!"

Na saki guɗa, mata suka karɓa. Mati kuwa ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Mahmud ya dube ni cikin mamaki, na raɗa masa cewa ɗiyar fari ce, a wajenmu uba ba ya nuna murnarta a gaban mutane, ko sunanta ba ya kamawa. Amma ina ganin ƙirjin ƙanena yana hawa yana sauka, murna ta cika shi ta rasa ƙofar fita.

Ya durƙusa gaban buhun, ya zuba tsakin dawa kaɗan, ya ƙwanƙwasa da farce. 'Yar tsakuwar nan ta karkata kai, ta dubi ƙwayar, ta kai mata sara. Ta kuskure. Ta sake, ta haɗiye.

"Ta ci! Yaya, ta ci! Wallahi ta ci!"

Ƙaton nan ya miƙe yana tsalle, ya rungumi Sa'idu, ya rungumi Mahmud da bai san hawa ba bai san sauka ba, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya koma ya ɗauki 'yar tsakuwar a tafuka biyu, ya kawo ta daidai fuskarsa.

Ya ce, "Allah shi raya ki. Allah shi raya ki, shi yi miki albarka."

Duk wanda ke wurin ya san wadda yake nufi, ba wanda ya tona. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya muka ce amin.