Saƙo Huɗu Babu Murya

Wasiƙa na rubuta wa Baba, bayan shekara uku ba ma magana. Na ce ranar Asabar za a buɗe dutsen kabarin Mama a garinmu Ntcheu, in yana so in zo ya kira ni. Lambar ofis na ba shi, don shi ba ya yarda da lambar da ba a buga a kan takarda mai tambari ba.

Ranar Litinin na tarar da jar fitilar wayar teburina tana ƙyaftawa, alamar an bar saƙon murya. Na danna lambar sirri, na kasa kunne. Shuuu, daƙiƙa biyar, ɗif. Talata haka, Laraba haka. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe, kafin a buɗe ofis, kuma ba lambar mai kira.

Nan take zuciyata ta tafi kan Zione, mai teburin da ke kallon nawa. Ita ke riga kowa zuwa, ta san lambar sirrina tun da na tafi hutu, kuma tun da aka ba ni kujerar gefen taga take yi min murmushin da bai kai ciki ba.

"Yaya Zione, kin taɓa min waya ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Wayarki zinariya ce?"

"Na ga dai saƙonnina suna zuwa ba kaya a ciki."

"To ki tambayi mai aiko su mana. Ko saurayin ne mai kunya?"

Da rana ta miƙo min dafaffiyar masara, na ce na ƙoshi. Ƙarya nake, yunwa nake ji kamar me.

Na kira Malam Kachingwe, mai kula da wayoyin intanet na duk benen. Mutum ne da ba ya sauri ko gobara ake yi. Ya canza min kan waya, ya zare igiyar intanet ya mayar, ya tura saƙon zuwa kwamfutarsa ko wayata ce ba ta iya karanta shi. Can ma shuuu.

"Ba wanda ya goge komai, ƙanwata," in ji shi. "Saƙon da aka goge ba ya barin fitila."

"To an yanke ne."

"Na'ura ce ta yanke. An saita ta, in mai kira ya yi shiru na daƙiƙa biyar sai ta ɗauka ya ajiye."

Ban yarda ba. Na taɓa ganinsa da Zione suna shan shayi, don haka shi ma na sa shi a layin waɗanda nake zargi. Duk da haka na bar shi ya ƙara wa shirun lokaci zuwa minti biyu.

Alhamis fitila ta sake kamawa. Na sa a babbar murya da gangan, don Zione ta ji, ina kallon fuskarta in ga ko za ta tsargu.

Shuuu. Zakara ya yi cara daga nesa. Wani ya yi gyaran murya, irin wanda nake ji ta bayan katanga tun ina ƙarama. Baba ne.

A wurinmu baƙo ba ya fara magana. Yana zama ne ya jira mai gida ya gaishe shi, ko da zai kai la'asar. Ta wayar nan Baba ya shigo gidana sau huɗu, ya zauna yana jira, sau uku na'ura tana koro shi.

Ya jira minti ɗaya cur. Sannan na ji ya juya yana faɗa wa wani a gefensa, a hankali: "Tana ji. Gaisuwar ce ba ta so. Karɓi wayarka, malam, na gode, ba sai gobe ba."

Zione ta tashi ta ɗauko jakata ta ɗora min a cinya.

"Motar Ntcheu ƙarfe tara take tashi," ta ce. "Ni zan faɗa wa manaja."

Na kasa kallonta don kunya. Na sauka bene da gudu, ina ta maimaita gaisuwar a bakina.